Ni da Yayata mun kasa jituwa kan jinyar Baba: mai sulhu za mu nema ko mai ba da shawara?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya manyanta, jiki ya ƙi daɗi, kuma ni da Yayata ne a kusa da shi. Ni ke kai shi asibiti, ni ke kwana idan ciwon ya tashi, ita kuma ta fi ɗaukar nauyin magani. A ganina ta mai da kuɗi abin fansar kanta, ita kuma gani take gori nake mata. Da na fara lissafo wahalar da na sha sai ta yi gum ta kashe waya. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo, sai in bi ta da dogon saƙo. Yanzu gaisuwa ma da ƙyar.

Abokiyar aikina ta ce akwai masu ba da shawara da ke zama kaɗan a gama. Maigidana kuma ya ce mai shiga tsakani muke buƙata. Mene ne bambancinsu? Kuma abin da ya faro tun muna yara, zama kaɗan zai kashe shi?

Malama Mai Saurare:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar'uwa, kin ba kanki rabin amsa ba ki lura ba: kina lissafi, tana shiru, kina ƙara lissafi. A ƙarshen shekarun 1960, a birnin Palo Alto na Amurka, su Paul Watzlawick da John Weakland da Richard Fisch suka buɗe cibiyar shawara ta gajeren lokaci, inda ba a wuce zama 10. Abin da suka kafa a kai shi ne, sau da yawa dabarar da mutum ya nace yana yi don ya warware matsala ita ce ke raya matsalar. Dogon saƙonki magani ne a wurinki. Shirunta ma magani ne a wurinta, gudun kada ta faɗi abin da za ta yi nadama. Kowannenku na ciyar da na ɗaya.

Daga baya, a 1978, Steve de Shazer da matarsa Insoo Kim Berg suka kafa tasu cibiyar a Milwaukee, suka karkata ga mafita maimakon tonon silili. Da wurin irinsu kika je, ba za a fara da yarintarku ba. Za a tambaye ki: yaushe ne na ƙarshe da kuka yi maganar Baba ba a ɓata ba, me ya bambanta ranar? Daga 0 zuwa 10, ina kuke yau, kuma me zai nuna kun matsa da maki ɗaya kacal? Da za ki kwanta a warware matsalar kina barci, da safe me za ki fara gani da zai sanar da ke? Tambayoyin suna kama da wasa, amma suna tilasta ki faɗi abin da kike so a maimakon abin da kika gaji da shi.

Tsohon ciwon yarinta kuwa, wannan hanya ba ta yi alkawarin goge shi ba.

Dattijon Sulhu:

Malama ta yi bayani, amma ni ina ganin sulhu ya fi dacewa a fara da shi, domin a gabanku akwai abin rabawa: kwana, zirga-zirgar asibiti, kuɗin magani. Mai sulhu ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci, ba ya cewa wance ce da gaskiya. Yakan saurari kowa ita kaɗai tukuna, ya riƙe sirri, sannan ya haɗa ku. Aikinsa ya raba abin da baki ke faɗa da abin da zuciya ke nema. Ke kina cewa ta zo ta kwana, wataƙila hutu kike nema da kalmar sannu. A ƙarshe ku rubuta wa zai yi me, yaushe, da ranar da za ku sake dubawa. Kada dai ku ɗauko wanda ɗayanku ke ganin ɗan ɓangaren ɗaya ne, ko da ya fi kowa kirki.

Baƙon Dare:

Ga masu karantawa da tasu matsalar ta sha bamban: inda akwai duka, barazana ko ɗaya yana tsoron ɗaya, ba a fara da zaman sulhu. Mai tsoro zai amince da komai don a tashi. Kariya ce ta farko.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai. Mu babu wannan, alhamdu lillahi. Amma Malama, na san halin Yaya, za ta ce ita ba ta da matsalar da za ta kai wa baƙo. In ta ƙi zuwa fa?

Malama Mai Saurare:

Sulhu sai da ita, domin ba a tilasta shi. Shawarar kuwa ke kaɗai ma za ki iya zuwa, mutanen Palo Alto sukan yi aiki da wanda abin ya fi damu. Kafin ki samu wuri, gwada wannan: ki ajiye dogon saƙo gaba ɗaya. Ki tura mata buƙata guda, gajera, mai rana, kamar "Yaya, ranar Laraba za ki iya kai Baba asibiti?" Ba tarihi, ba "kullum ni ce". In ta ce a'a, ki tambaye ta wace rana ce za ta yi mata.