Ɗakin ajiya da wurin tufafi a gidan da ba a gama ginawa ba: da wanne ya kamata in fara?

Maman Sa'adatu, Talladje, Yamai

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga irin wannan hali. Shekara biyu ke nan da muka tare a gidanmu, ɗaki biyu da falo, kuma mun tare ne tun ba a gama aikin ba, domin kuɗin haya ya fi ƙarfinmu. Tun daga lokacin, duk sa'ad da maigida ya samu ɗan abu sai ya kira magini a yi wani sashe: bara aka yi wa ɗakin kwananmu yaɓen siminti, bana kuma aka sa ƙofar falo. Kusa da madafa akwai wani ɗan ɗaki mai faɗin mita 2 da tsawon mita 2 da rabi, wanda muka nufa ya zama mangaza, amma har yanzu ba a yi masa yaɓe ko daɓe ba, kuma a cikinsa ne ragowar buhunan siminti da baro da shebur suke zaune tare da hatsinmu da shinkafa da wake.

A watan Agustan da ya wuce rabin buhun shinkafa ya yi warin sanyi, waken da na saya da kaka ya cika da ƙwari, sannan ɓera ya shiga kwalin da na ajiye zannuwa ya huda mini atamfa uku. Yanzu na ɗauki adashe, kuma ina so in kashe shi a kan wannan matsala. Maigida yana ganin a jira har a gama ginin gaba ɗaya, ni kuwa ina tsoron jiran zai kai shekaru. Shin in sa magini ya zuba mini kantoci na siminti a jikin bango, ko in sa a yi mini babban kabad na katako, ko kuwa akwai wata dabarar da ta fi waɗannan?

Mai Walda na Katako

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sana'ata walda ce, saboda haka kina iya cewa kowa ruwan da yake sha shi yake yabo, amma ga dalilina sai ki auna. Kada ki zuba kanta ta siminti a bangon da ba a yi wa yaɓe ba, ba a kuma ja masa wayar lantarki ba. Ranar da mai lantarki zai zo fasa bango domin binne tiyo, ko ranar da magini zai zo daɓe ya ɗaga ƙasan ɗakin da santimita 8 ko 10, za ki tarar kantar ta tare hanya, ko kuma ta ƙasa ta koma dab da daɓe har tsintsiya ba ta shiga ƙarƙashinta. Na sha ganin an rushe irin wannan aiki da guduma bayan shekara guda. Abin da ya dace da gidan da ake ginawa kaɗan-kaɗan shi ne abin da mutum biyu za su iya ɗagawa su fitar tsakar gida da safe, su mayar da yamma idan magini ya tashi.

Ki sa a yi miki kanta ta ƙarfe mai kusurwa, a kuma haɗa ta da noti maimakon a liƙe ta duka da walda, domin yawancin ƙofofin irin wannan ɗaki ba su wuce santimita 70 zuwa 80 ba, kuma idan aka liƙe ta a shago tana iya ƙin shiga. Tsayinta kada ya wuce santimita 180, domin abin da hannu ba ya kaiwa sai a manta da shi har ya lalace. Zurfinta santimita 40 ya isa, in ya fi haka kayan baya suna ɓuya. Hawan ƙasa ya tashi daga daɓe da aƙalla santimita 20, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, tunda bulon da ba a yi wa yaɓe ba yana shan ruwa da damina ya riƙe shi kwanaki. A shafa mata jan fenti mai hana tsatsa kafin fentin ado, kuma ki tsaya ki ga an shafa da idonki.

Buhu mai kilo 50 ba na kanta ba ne. A yi masa ɗan gado na daban mai gajerun ƙafafu, ko ki samu irin katakon da ake ɗora kaya a kai a mangazar 'yan kasuwa, ana samunsa a nan kasuwar Katako. Game da kabad kuma, farin katako yana da araha amma shi ne abincin gara, jan katako ya fi juriya ya kuma fi tsada. Wanda zan hana ki gaba ɗaya shi ne allon da aka matse daga garin katako, irin na kabad ɗin da ake shigowa da su daga waje masu sheƙi: da zarar ƙafarsa ta taɓa laima sai ya kumbura, noti kuma ba ya sake kama shi. Kafin duk wannan, a fitar da simintin daga ɗakin. Ƙurarsa ba ta dace da abinci ba, shi kansa ma idan ya jima a wurin da ke da laima sai ya dunƙule ya zama dutse.

Hajiya Inna, Tawa

'Yata, na karanta abin da kika rubuta, na kuma karanta amsar malamin walda. Maganarsa a kan ɗaga kaya daga ƙasa gaskiya ce, kuma ba sabuwa ba ce, domin rumbun da kakanninmu suke ginawa a nan ƙasar Adar a kan duwatsu yake tsaye, ba a kan ƙasa ba. Sai dai ina so ki sani cewa kanta, ko ta zinariya ce, ba za ta hana wake yin ƙwari ba. Ƙwaron wake daga gona yake tahowa, ƙwansa yana jikin tsabar tun kafin ki saya, abin da kawai yake jira shi ne zafi da iska. Saboda haka kafin ki ba mai walda ko dala, ki ware kuɗin abin zubawa.

Akwai buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ana zuba wake, a matse iskar, a ɗaure kowace leda ita kaɗai, sannan a ɗaure na wajen. Ƙwarin da ke ciki su ne suke shanye ragowar iskar, daga nan sai su daina ci su mutu, ba tare da an sa magani ko kaɗan ba. Sharaɗinsa biyu ne: kada ledar ta huje, kuma kada a riƙa buɗewa kullum. Ni abin da nake yi, ina ɗebo na wata guda in zuba a bokiti mai murfi, in mayar da ɗaurin. Idan ba ki samu buhun ba, jarkar man girki mai lita 20 ko 25 tana yin wannan aiki, matuƙar an wanke ta ta bushe sarai, an cika ta har wuya, an kuma sa leda a bakin kafin a murɗa murfin. Kada dai ki kusanci jarkar da ta taɓa ɗaukar man fetur ko maganin feshi, komai wankin da aka yi mata.

Amma duk abin da za a rufe ruf, dole ya zama ya bushe tukuna, in ba haka ba kin tsere wa ƙwaro kin faɗa wa fumfuna, kuma fumfunar gyaɗa da masara guba ce mai lahani ga hanta. Ki ciza tsabar: idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotsa sai a mayar da ita rana. Wata dabarar ita ce a zuba tsaba da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza, a bar ta ɗan lokaci, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran laima.

Ina roƙonki da girman Allah kada ki yarda a jefa miki ƙwayar maganin nan ta kashe ƙwari a cikin buhu, alhali ɗakin yana manne da inda kuke kwana da yara. Iskar da take fitarwa tana ratsa buhu da ƙasan ƙofa, kuma tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro.

Inda na saɓa da malamin walda shi ne batun ƙarfe ga kowane kaya. Gishiri da kanwa suna cin ƙarfe ko an yi masa fenti, don haka a zuba su a roba ko kwalba mai murfi, a kuma shimfiɗa allo a hawan da za su zauna. Albasa kuwa ba ta son rufi sam. Mu da muke kusa da Galmi mun san cewa albasa tana daɗewa ne idan an baza ta a inuwa iska na ratsa ta, don haka ki ba ta kwando ko hawa mai raga kusa da taga. Kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗa da tonka da daddawa su tafi hawan sama cikin kwalabe, man gyaɗa kuma ya nisanci inda rana take bugawa. Na kan rubuta watan da na sayi kowane buhu a jikinsa da gawayi, domin 'yan aikin gida da yara sabon buhu suke fara buɗewa idan ba a nuna musu tsohon ba.

Abban Yasir, Harobanda

Ni batun tufafin zan taɓa, tunda ba a yi maganarsa sosai ba. A damanar 2020, lokacin da kogin Kwara ya cika ya shiga unguwanninmu na wannan tsallake, ruwa ya shigo mana ɗaki cikin dare har gwiwa. Abin da ke cikin adakar ƙarfe da muka ɗora kan bulo biyu ya tsira, abin da ke hawan ƙasan kabad kuwa, har da takardun haihuwar yara, sai da muka bi hukuma muna neman wasu. Na san Talladje ba bakin kogi ba ce, amma ruwan sama da ya rasa magudana ma yana shiga gidaje. Takardar fili da ta haihuwa da ta makaranta a sa su a leda, a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, a can saman komai.

Shawarata, ƙanwata, kada ki sayi babban kabad yanzu. A ɗakin da aka gama wa yaɓe, ki sa a kafa bututun ƙarfe daga bango zuwa bango a kusurwa guda, a tsayin kimanin santimita 170, allo ɗaya a samansa, labule mai kauri a gabansa saboda ƙurar hunturu. Kayan sawa na yau da kullum da rigunan lakwal na yara su rataya a nan. Shadda da leshi da atamfar da ba a ɗinka ba su shiga adakar ƙarfe, wadda haƙorin ɓera ba ya iya mata komai, kuma kwali ya fita daga ɗakin gaba ɗaya, tunda shi ne gidan kyankyaso da gara. Bayan damina, wajen watan Oktoba, a fito da su a sha iska a inuwa yini guda. Idan akwai jariri a gidan, a guji sa kafur a cikin kayansa, domin yana iya fasa jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara. Uwargidana busasshen ganyen bedi take ɗaurewa a ƙyalle ta sa a kusurwar adaka.

Maman Sa'adatu, Talladje, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maigida amsoshin nan jiya da dare, kuma abin da ya sauya masa ra'ayi shi ne jin cewa simintinsa ma yana lalacewa a ɗakin. Ya ce ranar Asabar zai kira magini a yi amfani da ragowar buhunan a yi wa mangazar daɓe da yaɓe, tunda dama kuɗin aiki da yashi kawai ya rage. Ni kuma zan raba adashen uku: jarkoki da buhun wake kamar yadda Inna ta ce, adakar ƙarfe ɗaya da bututun rataya, sauran kuma na kanta. Kabad sai an sa silin. Tambaya ɗaya ta rage mini, Malam Mai Walda: bayan an gama yaɓen, kwana nawa zan jira kafin in mayar da abinci ciki, kuma ina zan ajiye shi kafin nan?

Mai Walda na Katako

Hajiya, magini zai riƙa yayyafa wa yaɓen da daɓen ruwa kamar mako guda domin kada su tsage, kuma siminti yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Yanzu da iskar hunturu take kaɗawa, ki ba shi wata guda ƙofa da taga a buɗe. Idan kina so ki tabbatar, ki shimfiɗa leda a daɓen da yamma ki danne gefunanta da bulo, in da safe kika ga raɓa a ƙarƙashinta ki ƙara mako. Kafin nan buhunan su zauna a kusurwar falo a kan ɗan gadon da na ambata, don haka shi za a fara yi. Ki roƙi magini ya bar ƙaramar taga can sama kusa da kwano, a sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, ya kuma toshe ratar da ke tsakanin bulo da kwanon da siminti, domin ta nan ɓera yake saukowa. Awon kantar kuma kada a ɗauka sai an gama yaɓe, tunda yaɓen zai ci kusan santimita 2 a kowane bango.