Shogun na 2024: ina yaƙin da aka yi ta yi wa shiri?

Autan Gida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na ƙarasa Shogun, shirin talabijin mai dogon zango kan Japan ta zamanin da, kashi 10 cif, kuma har yanzu abin yana cin raina. Tun farko ake ta haramar yaƙi tsakanin manyan sarakunan yaƙi biyu, Toranaga da Ishido, ana ƙulle-ƙulle, rayuka suna salwanta. Na gyara zama ina jiran gwabzawa, sai aka hasko filin daga na ɗan lokaci kaɗan, Toranaga yana zaune a bakin teku yana zayyana wa Yabushige, ɗaya daga cikin hakimansa, yadda za ta kaya. Kuɗi ne suka ƙare musu, ko haka littafin yake?

Malam Mai Littafi: Wa'alaikumus salam. Haka yake, ƙanena. Littafin James Clavell na 1975 ya haura shafi dubu, amma yaƙin Sekigahara bai samu fiye da 'yan layuka a ƙarshe ba. An yi shi da gaske a Oktoban 1600. Toranaga shi ne Tokugawa Ieyasu, wanda ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja na Japan, a 1603, Ishido kuma Ishida Mitsunari. A ranar ma ba takobi kaɗai ya yi aiki ba, Kobayakawa Hideaki ne ya juya wa Mitsunari baya ana tsakiyar fafatawa.

Yaya Babba: Auta, ai yaƙin ka gani, ba ka gane shi ba ne. Koma kashi na 9. Mariko, tafintar Toranaga, ta tsaya a ƙofar fadar Osaka ta ce za ta fita, ta san sarai ba za a bari ba. Da aka tare ta, kowa ya shaida cewa iyalan manyan ƙasa ba baƙi ba ne a wurin, garkuwa aka yi da su. Sannan ta jingina bayanta da ƙofar wani rumbu da maharan suka zo fasawa tana jiran fashewar. Ni a nan na kashe talabijin, sai washegari na iya ci gaba. Kuma akwai ta a tarihi: Hosokawa Gracia, Kirista ce, ta mutu a Osaka a 1600 lokacin da mutanen Mitsunari suka zo kama ta. Addininta ya hana ta kashe kanta, sai wani baran gidansu ya ɗauki ranta.

Malam Mai Littafi: Wannan gaskiya ne, Hajiya. Na kalli na 1980 wanda Richard Chamberlain da Toshiro Mifune suka fito, a can idan Japanawa suna magana ba a rubuta fassara, kai da Baturen da ke cikin labarin, John Blackthorne, duk kuna cikin duhu. A sabon kuwa ana jin abin da suke faɗa a bayan idonsa, har da yadda suke kiransa bagidaje.

Autan Gida: Na gode, Yaya. Duk da haka na so in ga dawakai da bindigogi ko na minti 10 ne. Amma yau da dare zan sake kallon na 9 ɗin.