Enzayim ɗina na tumfafiya ya daina aiki: in zubar ne ko da sauran dabara?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, in da hali cikin gaggawa, don kaina ya ɗau zafi.

Ina digiri na biyu a bayokemistiri. Aikina a kan enzayim ɗin nonon tumfafiya ne, mai narka furotin, wanda ke sa madara ta kama idan ana yin wara, wato cukun madara. Da kaina na je bayan gari da sassafe na tatso nonon, na zuba a bafa ta fosfet (ruwan da ke tsayar da pH, wato ma'aunin tsami), na juya shi a sentirifuj na raba shi da danƙon. Ruwan farkon nan kamar wuta yake aiki. Ɗigo kaɗan a madarar da na dama, kafin in wanke kwalabe in dawo ta kama. Gwajin kasin ma, wato auna yadda yake yanka furotin ɗin madara, lambobinsa sun yi kyau.

Daga nan na zuba amoniyam salfet, na kwashe abin da ya kwanta, na yi dayalisis kwana biyu a firij don cire gishirin, na juye duka a kwalba ɗaya na sa a firiza. Sai aka ɗauke wuta kwana uku, inji kuma babu mai. Ranar Litinin na tarar kwalbar ta zama ruwa, kuma Allah kaɗai ya san sau nawa ta narke ta sake daskarewa kafin nan. Yanzu aikin bai kai ɗaya bisa goma na da ba, alhali gwajin Bradford, mai auna yawan furotin, yana nuna furotin ɗin na nan. A jel kuma, wanda ke jera furotin bisa girmansu, maimakon layin da nake tsammani wajen kilodalton 25 zuwa 30, sai wani shafe-shafe can ƙasa.

Shin warwarewa furotin ɗin ya yi? Na karanta cewa ana iya jiƙa furotin a yuriya a cire ta a hankali ya sake naɗe kansa. In gwada? Ko in zubar in sake daga farko? Sati uku sufabaiza ya ba ni. Wata ƙawata kuma ta ce in huta da wahala, in ciro siffarsa a AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, in yi rubutuna a kai.

Abu Sumayya:
Wa alaikis salam. Allah sarki, ni ma firiza ta taɓa cinye min aikin wata huɗu. Ni dai a ganina ki zubar kawai. Tumfafiya ba saye ake ba, ko'ina ga ta nan a bakin hanya.

Baba Na Lab:
Kar ki zubar, 'yata. Abu Sumayya, tumfafiya ce kyauta, amma amoniyam salfet da ledar dayalisis da sati biyun da ta kashe ba kyauta ba ne. Kuma in ta sake ba tare da ta gano abin da ya faru ba, gidan jiya za ta koma.

Kafin in ce komai, faɗa min: me da me ke cikin bafar da kika yi dayalisis da ita? Kuma da wane ruwa kika haɗa ta?

Maman Khalil:
Baba, sodiyam fosfet ce kawai, pH 7. Ruwan kuma, gaskiya, tataccen ruwan lab ya ƙare a rana ta biyu, sai na ƙarasa da ruwan leda.

Baba Na Lab:
To, ai kin amsa rabin tambayarki. Ruwan leda kuma! Ba zan yi miki faɗa ba, na ga abin da ya fi haka.

Enzayim ɗin nonon tumfafiya dangin fafayin ne, wato na nonon ɗanyar gwanda. Su dangin nan duk da amino asid guda suke yanka, sistein, wanda ke zaune a tsakiyar ramin da furotin ɗin da za a yanka yake shiga. A fafayin shi ne na 25 a jeri, sai histidin na 159 da ke taya shi. Sinadarin sulfur da ke kan sistein ɗin nan shi ne bakin wuƙar. In iska ta daɗe tana taɓa shi, ko ya haɗu da ɗan burbushin ƙarfe irin su jan ƙarfe a cikin ruwa, sai bakin ya toshe. Wuƙa na nan, ƙotarta lafiya, amma ba ta yanka. Shi ya sa Bradford ke ce miki furotin na nan, ita ba ruwanta da yana aiki ko ba ya yi.

A ɗanyen nonon akwai ƙananan sinadaran da ke kare shi. Ke kuma da dayalisis kin wanke su tas, kika bar shi tsirara kwana biyu a ruwa mai iska, kika ƙara masa da ruwan da ba ki san me ke ciki ba.

Ga abin da za ki yi gobe da safe, ba ya cin rabin yini. Ɗebi kaɗan ki raba kwalba uku. Ta farko ki bar ta yadda take. Ta biyu ki sa EDTA, mai kame burbushin ƙarfe, milimola 2. Ta uku ki sa EDTA ɗin da sistein milimola 5. Sistein ɗin a ranar za ki narka shi, kar ki ɗauki na jiya, kuma ki duba pH bayan kin zuba, don irin da aka fi samu a lab yana da tsami. Ki bar su minti ashirin a digiri 37, sannan ki yi gwajin kasin. In ta ukun ta farfaɗo, suma ya yi, bai mutu ba. Ina ce suma don toshewar mataki-mataki ce: in ba ta yi nisa ba sistein na buɗe ta, in ta yi nisa ba mai dawo da ita.

Ɗan Jamus:
Baba ya gama magana a wannan ɓangaren. Ni kan batun yuriya zan tsaya, don na san inda kika samo shi. Gwajin Christian Anfinsen ne a kan ribonukiliyes, ƙaramin furotin mai amino asid 124 da ƙulli huɗu na sulfur. Ya warware shi da yuriya da makaftoitanol, ya cire su, furotin ya koma siffarsa ya ci gaba da aiki. Da wannan ya nuna cewa jerin amino asid shi ke ɗauke da bayanin naɗin, har ya sami kyautar Nobel a 1972. Gaskiya ne, amma ba kowane furotin ke da wannan sauƙin kai ba.

Dangin fafayin ba a siffar da kika same su ake ƙera su ba. Tsiron yana ƙera su ne da wani dogon yanki a gaba, wanda ke taimaka musu su naɗe daidai kuma ya rufe ramin yankan. Sai an gama naɗi ake datse yankin a yar. Wanda ke kwalbarki ya riga ya rabu da nasa. In kika warware shi da gangan, da wuya ya gane hanyar komawa, kuma wanda bai gama warwarewa ba zai bi wanda ya warware ya daddatsa shi. Kar ki kusanci yuriya.

Abu biyu zan ƙara. Sodiyam fosfet ba abokiyar firiza ba ce. Idan tana daskarewa, gishiri ɗaya daga cikin biyun yana riga ɗan uwansa kwanciya, sai pH ɗin ɗan ruwan da ya rage ya faɗi sosai, yana iya kaiwa wajen 4. Duk narkewa da daskarewa enzayim ɗinki sai ya sha wannan. Fotasiyam fosfet ba ta yin haka sosai. Na gaba in kin yi, ki sa gilisarol rabi da rabi, ba ya daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili, kuma ki rarraba a ƙananan kwalabe.

Na biyu, shafe-shafen jel ɗin bai tabbatar da cewa ya cinye kansa a firiza ba. Irin waɗannan enzayim suna da taurin kai, SDS, sabulun da ke warware furotin a bafar jel, ba ta kashe su nan take. A 'yan daƙiƙun da samfur ke ɗumama kafin ya tafasa, wanda ya jure sai ya yanka wanda ya fara buɗewa, ga makaftoitanol ɗin bafar ma yana ƙara tashinsa. Ki sa masa ayodo'asitamaid tukuna ya kashe bakin wuƙar, ko ki kwantar da shi da asid ɗin TCA, sannan ki tafasa. Ki jera wanda kika yi wa haka kusa da wanda ba ki yi wa ba.

Baba Na Lab:
Ɗana, maganar jel ɗin nan ta burge ni, ban kawo ta ba. Amma gilisarol da firiza shawarar mai wuta ce. Ku can ba a ɗauke muku. Mu nan ajiyar da na fi yarda da ita ita ce a bar enzayim a kwance cikin amoniyam salfet ɗinsa a firij, a riƙa ɗiban na aikin rana ana cire masa gishiri. A haka ba ya narke balle ya ci kansa, ƙwayoyin cuta ba sa sakewa a gishiri mai yawa haka, kuma in wuta ta tafi kwana ɗaya ba a yi asara ba. Kamfanoni ma akwai enzayim da dama da a haka suke sayar da su.

Ɗan Jamus:
Na karɓa, Baba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗan Kumasi:
Ni ba fannina ba ne, fasahar abinci na karanta, amma bari in tsoma baki. Nan wajenmu wagashi muke ce masa, kuma na sha tsayawa ina kallon yadda ake yi. Madara na kan wuta da zafinta ake zuba ruwan ganyen tumfafiyar, a nan take kamawa. Abin da ke aiki a tukunya bisa murhu, ban ga yadda zafin ɗaki na kwana uku zai warware shi ba. Wannan ma yana goyon bayan Baba. Sannan Hajiya, in za ki sake tatsa ki sa tabarau da safar hannu. Nonon nan in ya shiga ido yana dusashe gani na kwanaki.

Dakta Binta:
Maman Khalil, 'yan uwa sun yi miki maganin kwalba, ni ƙawarki zan ba amsa.

AlphaFold abu ne babba, ba mai musu. Tun da ya ba kowa mamaki a gasar hasashen siffar furotin, CASP, ta 2020, rumbunsa ya tara siffofi sama da miliyan 200, kuma Demis Hassabis da John Jumper sun raba Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2024 da David Baker. Amma jerin amino asid ake ba shi ya hasko siffa. Ke kina da jerin abin da ke kwalbarki? Ba ki da shi. Nonon tumfafiya ba enzayim ɗaya ke ciki ba, 'yan uwan juna ne da dama, ba ki ma san wanne kika kama ba. In kin ɗauko jerin da wasu suka wallafa, siffar nasu za ki samu. Kuma ko kin samu, hoto ba zai gaya miki pH ɗin da ya fi so ba, ko zafin da yake jurewa, ko saurin yankansa. Hoton wanda ya suma da na mai aiki iri ɗaya zai fito miki. Ki sa shi a babin tattaunawa ki nuna inda sistein da histidin suke, ki kwatanta da fafayin da aka gano siffarsa tun 1968, ki rubuta ƙarara cewa hasashe ne kuma ga inda jerin ya fito. In kika gabatar da shi a matsayin sakamakonki, mai jarrabawa na waje tambaya ɗaya zai yi miki ki rasa ta cewa.

Sai ki kula da kwalbar sifili, wato wadda ake cire lambarta daga na sauran, a gwajin gobe, ita ma a sa mata sistein da EDTA daidai da sauran. In da sinadarin Folin kike karanta sakamakon kasin, sistein da kansa yana ba da launi, sai ki yi murnar banza. In a nanomita 280 kike karantawa kuma kika musanya sistein da DTT, wani sinadarin mai irin aikinsa, shi ma in ya sha iska yana ɗaga lamba a wajen.

Kuma ki je ki faɗa wa sufabaizanki yau, kar ki jira sati ukun su cika. Ki tafi da littafin lab ɗinki da tsarin kwalba ukun nan a rubuce.

Maman Khalil:
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Kwalba ta farko tana nan yadda take. Ta EDTA ta ɗan motsa. Ta uku ta dawo da kusan kashi shida cikin goma na aikin da nake da shi kafin dayalisis, bayan na cire na kwalbar sifili kamar yadda Dakta ta ce. Na maimaita sau uku don ban yarda da idona ba. Na ɗiga a madara kuma ta kama, har na kira mai sharar lab ya zo ya gani.

Ayodo'asitamaid babu a sashenmu, sai na yi da TCA. Shafe-shafen ya ragu sosai, amma layi biyu ne suka fito kusa da juna, ba ɗaya ba. Sufabaiza ya ce suman da farfaɗowar su shiga cikin sakamako, tun da hujja ce cewa dangin sistein ne, kuma ya ƙara min sati biyu. Allah ya saka da alheri, Baba, Dakta, da ku duka.

Yanzu layi biyun nan fa? Enzayim biyu ne, ko ɗaya ne aka gutsure masa baki?

Baba Na Lab:
Alhamdu lillahi. Sauran kashi huɗun ki yafe su, firiza ta ci. Layi biyun kuwa, ki haɗa jel da jelatin a ciki, ki zuba samfur ba tare da kin tafasa ba kuma ba makaftoitanol. In ya gama gudu ki wanke SDS ɗin da sabulun Triton, ki kwantar da jel ɗin a bafa mai sistein, sannan ki rina. Duk inda enzayim mai rai yake zai cinye jelatin ya bar fari a cikin shuɗi. Ki zuba kaɗan sosai, in ba haka ba zai share miki layin gaba ɗaya. Ki ɗauko hoton mu gani, kuma wannan karon da tataccen ruwa.