Porsche 911 SC: giya ta ƙi saituwa bayan canjin bushi

Assalamu alaikum, iyayen gidana makanikai. Ina neman taimako kan Porsche 911 SC ƙirar 1981 mai giyabos samfurin 915.

An sa sabbin bushi duka: kofin roba na ƙasan sandar giya, zoben da dogon rodi ke bi ta cikinsa, da guda biyu na mahaɗar baya (wadda ke haɗa rodin da giyabos) da ke ƙarƙashin murfin bayan kujeru. Rigar robar sandar ma sabuwa ce, an shafa giris. Rawar da sandar ke yi ta tafi.

Matsalar ta fito ne bayan an kwance maƙala mai notin milimita 13 da ke riƙe mahaɗar. Yanzu giya ɗaya da biyu ba sa shiga sai da ƙarfi, kuma in aka sauko daga biyar zuwa huɗu sai ta taɓa ribas ta yi ƙara. Ban zargi kuloci ba, domin ko inji a kashe haka take. Tsinin kusar mahaɗar ya zauna daram a raminsa.

A firi, wane gefe ake juya sandar da ke fitowa daga giyabos kafin a ɗaure maƙalar? Kuma milimita nawa mahaɗar za ta shiga cikin rodin? Allah ya saka da alheri.