Taron Kirsimeti na yaran Makarantar Lahadi: me za mu saka, me za mu bari?

Malamar Lahadi ta rubuta:

Salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. An ɗora wa kwamitinmu shirya taron Kirsimeti na yara. Yaran sun kai sittin, daga shekara 4 zuwa 13, kuma awa biyu aka ba mu. Sai kan kwamitin ya rabu. Wasu na son a kawo Baba Kirsimeti ya raba kyauta, a kafa itacen Kirsimeti, a nuna katun. Wasu sun ce duk wannan daga bautar gumaka ya fito, har da ita kanta ranar 25 ga Disamba, don haka a tsaya ga karatu da waƙa. Wasan kwaikwayon haihuwar Yesu ne kaɗai kowa ya amince da shi. Ina roƙon waɗanda suka san asalin waɗannan al'adu su wayar mana da kai, su kuma nuna mana yadda za a tsara taron kada ya watse.

Fasto mai ritaya ya amsa:

Malama, Allah ya sa albarka a hidimarku. Bari in fara da ranar, tunda nan gardamar ta samo tushe. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba, bai umarta a yi bikinta ba, bai kuma hana ba. Shaida mafi daɗewa ta bikin 25 ga Disamba daga Roma ta fito, cikin wani kundin kalanda na shekara ta 354, kuma jerin da ke cikinsa ya nuna ana yin bikin tun 336. Masana tarihi suna kawo dalili biyu na zaɓen ranar. Ɗaya, lokacin ya faɗo kusa da bukukuwan Romawa na tsakiyar hunturu. Ɗaya kuma, masu bi na dā sun ɗauka ranar 25 ga Maris aka ɗauki cikin Yesu, in ka ƙirga wata tara sai ka sauka a 25 ga Disamba. Masu cewa ranar gumaka ce sun riƙe dalili na farko kamar shi kaɗai ne. Har gobe ma ba rana ɗaya ake yi ba: Armeniyawa suna yi 6 ga Janairu, Kibɗawan Masar da ikilisiyun Habasha da Rasha suna yi 7 ga Janairu, domin 25 ga Disamba ta tsohuwar kalanda ita ce 7 ga Janairu a tamu.

Amma kada ku ɗauki masu ƙin bikin a matsayin 'yan kawo rigima. Damuwarsu tsohuwa ce, kuma ta masu tsoron Allah ce. Majalisar Ingila ta taɓa hana bikin Kirsimeti a 1647, haka aka hana shi a Masacusets ta Amurka daga 1659 zuwa 1681. Ku zauna tare ku karanta Romawa 14:5-6, inda Bulus ya bar wa kowa lamirinsa a kan ɗaukaka wata rana bisa wata, muddin saboda Ubangiji yake yi.

Batun itace, ayar da ake yawan kawowa ita ce Irmiya 10. A karanta ta har aya ta 5, kada a tsaya a ta 4. Ana maganar itacen da gwani ya sassaƙa, aka dalaye da azurfa da zinariya, ba ya magana, ba ya tafiya sai an ɗauke shi. Gunki ke nan. Itacen Kirsimeti kuwa a ƙasashen Jamusawa ya fito a ƙarni na 16, fiye da shekara dubu biyu bayan Irmiya, ya kuma yaɗu a Ingila bayan an buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da shi a 1848. Ado ne kawai. To tunda ado ne, bai isa ya raba kan ikilisiya ba. In za ku kafa, ku sa shi ta bakin ƙofa ko a baya, kada ya tare bagade. In kuwa zai sa wasu iyaye su hana 'ya'yansu zuwa, ku bar shi, ba ku yi asarar komai ba.

Mai koyar da wasan kwaikwayo ya amsa:

Na gode wa Baba Fasto. Malama, abin da kwamitinku bai lura ba shi ne, wasan da kowa ya amince da shi ɗin nan ya fi itace cika da abubuwan da aka ƙara. Kuma su ne suka fi zama a kan yara, domin abin da yaro ya taka da ƙafarsa ba ya mantawa.

Ku ɗauko labarin daga wuri huɗu: Luka 1:26-38, Matiyu 1:18-25, Luka 2:1-20 da Matiyu 2:1-12. In kun karanta da alƙalami a hannu, za ku ga babu mai masaukin da ya kori Yusufu da Maryamu, babu jakin da ta hau. Saniya da jaki kusa da komin dabbobi daga yadda masu bi na dā suka fahimci Ishaya 1:3 suka shigo, kuma Faransis na Asisi ya ƙara musu suna lokacin da ya shirya komi da dabbobi masu rai a garin Greccio na Italiya a 1223. Masanan da suka zo daga gabas kuwa, Matiyu bai ce sarakuna ba ne, bai ce su uku ba ne. Kyautai ne uku: zinariya, lubban da mur. Bai kuma sa su dare ɗaya da makiyaya ba. A gida suka tarar da yaron, kuma Hirudus ya sa a kashe yara maza daga shekara biyu zuwa ƙasa bisa lokacin da ya ji daga bakinsu.

Ga yadda za ku gyara ba tare da kun ɓata wasan ba. Ku raba shi fitowa biyar: zuwan Jibra'ilu, mafarkin Yusufu, tafiya Baitalami da haihuwa, makiyaya, sai masana. Kowace fitowa minti 4 zuwa 5, duka kada ya wuce minti 25. Tsakanin ta huɗu da ta biyar a yi waƙa ɗaya, a ɗauke komin, a ajiye kujera da tabarma, mai ba da labari ya ce "bayan wani lokaci". Masana ku sa su huɗu ko biyar da gangan. Yara za su tambaya me ya sa, kun ga darasi ya samu.

Nauyin magana ku ɗora shi a kan manyan yara biyu masu karatu da kyau, su riƙa karanta ayoyin kai tsaye. Sauran 'yan wasa kada kowa ya wuce jimla biyu. 'Yan shekara 4 zuwa 6 duka ku sa su cikin rundunar mala'iku ko tumaki, suna shiga tare suna fita tare da malami ɗaya a gaba ɗaya a baya. Maryamu da Yusufu kowa ya sami mataimakin da ya san kalmominsa, don rashin lafiya ba ta sallama. Gwaji huɗu ya isa, kowanne minti 45, na ƙarshe da kayan wasa a jiki, a wurin da za a yi, da makirufo.

Abu uku ke yawan ɓata wasan. Na farko Hirudus. In aka ba yaro mai barkwanci, ya fara zare ido yana buga ƙafa, jama'a za su yi ta dariya, a fita ana zancensa an manta da jaririn. Ku ba mai natsuwa, ku taƙaita maganarsa. Na biyu jariri na gaske: haske da hayaniya za su sa shi kuka ya rufe muryar masu karatu, 'yar tsana ta fi. Na uku juya wa jama'a baya. Ku manna alama a ƙasa inda kowa zai tsaya, makirufo kuma a kafa shi a sanda wuri ɗaya, kada a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu.

Mai horar da malaman yara ta amsa:

'Yar'uwa, ni a kan Baba Kirsimeti zan tsaya, domin a nan ne nake ganin masu ƙi suna da gaskiya, ko da yake ba don gumaka ba. Asalinsa mutum ne mai bi: Nikolas, bishop na Mira a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, a ƙarni na 4. Labarin da aka gada a kansa shi ne ya jefa wa wani matalauci zinariya da dare, a ɓoye, don ya iya aurar da 'ya'yansa mata uku. Ana tunawa da shi 6 ga Disamba. Mutanen Holan suka kai al'adar Amurka, can ta canza kama, kuma tallan Coca-Cola da aka fara a 1931 ya kafa hoton nan na dattijo mai ja da farin gemu a idon duniya.

Matsalar biyu ce. Ta farko, in malamar da ta gaya wa yaro cewa mala'ika ya zo wurin Maryamu ita ce kuma ta ce masa wannan dattijon daga nesa ya taso da kyautarsa, ranar da ya gano ɗaya wasa ne zai fara auna ɗayan. Ta biyu ta fi nauyi: saƙon Baba Kirsimeti shi ne yaron kirki ke samun kyauta, marar ji ba ya samu. Bishara kuwa cewa take an ba mu Ɗan tun ba mu cancanta ba. Ba za a yi wa'azin alheri minti goma ba sannan a rufe taro da rabon lada.

Shawarata, ku ba da labarin Nikolas cikin minti 5 zuwa 7, ku faɗa a fili cewa wannan tarihin ikilisiya ne, ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, ku haɗa shi da Matiyu 6:3-4 a kan bayarwa a ɓoye. In dole sai wani ya sa jan kaya, ya fito da fuskarsa a buɗe, a kira shi da sunan da yara suka san shi. Ƙanana da yawa suna firgita da rufaffiyar fuska.

Kyauta kuma, ku ƙara kashi ɗaya bisa biyar a kan yawan yaran da ke rajista, wato saba'in da biyu ga yara sittin, domin ranar baƙi da ƙanne suna zuwa. Ku kasa gida uku bisa shekaru, kowane rukuni da kalar takardarsa, abin da ke ciki iri ɗaya. Kada a sa abu mai ƙananan gutsattsari da ƙaramin yaro zai iya haɗiyewa. A raba a ƙarshen ƙarshe, aji bayan aji. Kyauta na shiga hannu, kunne ya rufe.

Mai kula da na'urorin coci ya amsa:

Mama ta yi magana mai kyau, sai dai a yi hattara kada wani ya hau gaba ya ce "Baba Kirsimeti ƙarya ne". Akwai baƙin da iyayensu ke yin wannan wasa a gida, ba a taron ne za a kunyata su ba.

Katun ba laifi, amma babban mutum ɗaya ya kalle shi daga farko har ƙarshe kafin ranar. Yawancin finafinan Kirsimeti ba sa ko ambatar Yesu. Darasinsu son iyali ne, ko kyauta, ko ka yarda da kanka. Ba mugun abu ba ne, amma ba shi ne labarin ba, don haka bayan an gama a yi wa yara tambaya uku: wa aka nuna shi ne mai ceto a nan, me ya yi daidai da abin da muka karanta, me aka ƙara? Tsawonsa kada ya wuce minti 20. Ku sauke shi a kwamfuta tun da wuri ta hanyar da mai shi ya yarda, ku kuma duba ko an yarda a nuna shi a taro. In kuka dogara da YouTube kai tsaye, talla ko bidiyon da ke biye zai iya faɗowa gaban yara. Ku gwada majigi a daidai lokacin da za a yi taron, domin hoton da ya fito da dare yakan dushe da rana. Sauti ya fi hoto muhimmanci: yara suna jure hoto marar kyau, amma da sun daina jin magana sai surutu.

In za ku kunna kyandirori huɗu na makonnin jiran zuwan Almasihu, wannan al'ada ce ta masu bi tun asalinta. Wani malamin bishara a Hambug ta Jamus, Johann Wichern, ya fara ta a 1839 don yaran da yake reno su riƙa ƙirga kwanaki. Babba ne zai kunna, a kan tebur mai nisan aƙalla mita ɗaya daga labule da 'yan wasa. Audugar da ake manna wa "tumaki" da fukafukan takarda suna kama wuta nan take, don haka abin da yara za su riƙe ya zama mai batir. Fitilun ado a duba wayarsu ko ta kwaile, kada a jera su da yawa a soket ɗaya.

Lokaci kuma, ku tsara minti 100 cikin 120 ɗin: buɗewa da waƙa 10, karatu 5, wasa 25, gajeren wa'azi 10, katun da tambayoyi 25, labarin Nikolas 7, rabon kyauta da addu'a 18. Ragowar 20 shiga da fitar yara za su cinye.

Malamar Lahadi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tambaya ɗaya ta rage: kisan yaran Baitalami, mu nuna shi a wasan ko mu tsallake?

Mai koyar da wasan kwaikwayo ya amsa:

Kada ku nuna, Malama, akwai 'yan shekara 4 a wurin. Ku tsayar da wasan a Matiyu 2:12, inda masanan suka koma ƙasarsu ta wata hanya. In kuna son a ji cewa akwai haɗari, mai ba da labari ya ƙara aya ta 13 da ta 14, Yusufu ya ɗauki yaron da Maryamu su fita ta tsakiyar jama'a zuwa Masar. Aya ta 16 zuwa 18 ku ajiye wa ajin manya, 'yan 10 zuwa 13, ranar Lahadi mai zuwa, inda za su sami damar yin tambaya a ba su amsa a natse.