Distofiya da Hausa: baƙar gobe ko baƙar daula?

Jama'a, ga inda muka kwana kan neman sunan Hausa ga kalmar nan da Turawa ke kira dystopia, wato labarin da ke ƙago al'ummar da zalunci da tsoro suka mamaye. Abin da ya tayar da maganar shi ne Karin Boye, marubuciyar Suwidin da aka haifa a Göteborg a 1900. Da waƙa ta fara suna, kundinta na farko ya fito a 1922, kuma ita da Erik Mesterton suka fassara doguwar waƙar Turanci ta mawaƙi T. S. Eliot zuwa harshensu. Amma a wajen ƙasarta an fi saninta da Kallocain, labarin da ta fitar a 1940, shekara guda kafin rasuwarta. A ciki, wani masanin sinadarai mai suna Leo Kall ya haɗa allurar da ke sa mutum ya amayar da sirrin zuciyarsa, a daular da 'yan sanda ke da ido da kunne har cikin ɗakin kwana. Irin wannan labari me za mu kira shi?

Asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta mummunan wuri. Hakan bai isa ba, don kurkuku ma mummunan wuri ne.

Wani malami ya ce mu bar ta distofiya kurum. Malam, Allah ya ƙara sani, aro ba laifi ba ne, amma intanet da kwamfuta ana ganinsu ana taɓawa. Wannan kuwa in aka are ta, sai an bi ta da dogon bayani.

Wata baiwar Allah ta kawo "baƙar gobe", kuma ta yi daɗin faɗa. Matsalarta biyu. Bahaushe in ya ji gobe a irin wannan magana, hankalinsa kan tafi lahira. Sannan Boye ba duba ta yi ta hango gobe ba. Ta ziyarci Tarayyar Sobiyet a 1928, ta zauna a Berlin daga 1932 zuwa 1933, lokacin da Hitler ya hau mulki. Abin da idonta ya gani ta faɗaɗa.

Don haka ni ina bayan "baƙar daula". Tana nuna cewa akwai tsari, akwai doka, ana ma tilasta wa talaka ya yi godiya. Wannan shi ne abin tsoron, ba rikici ko yunwa ba. Sai mu ce Kallocain labarin baƙar daula ne, rukunin kuma adabin baƙar daula.

Kishiyarta, utopia, wa ke da suna? "Farar daula" ba ta kwanta mini ba tukuna.