Tsohon injin yankan itace daga Majiya: wane iri ne, kuma zai tashi?

Isufu Kafinta, Tawa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin yankan itace, wanda muke ce wa tronsonez. Bayan rasuwar kawuna, Allah ya jiƙansa, ƴaƴansa sun ba ni wani tsohon inji da ya bari, suka ce tunda ni ne mai aikin katako a dangi, ni ya fi dacewa da shi. Marigayin ya yi aiki da shi a kwarin Majiya, wajen Buza, lokacin da layukan dogon yaron da aka fara dasawa a 1975 don tare iska suka girma aka shiga rage musu rassa. Injin ya fi shekara goma sha biyar a ƙasan mangaza, fentinsa ya koɗe, farantin da ke ɗauke da sunansa ya ɓace, kuma nauyinsa ya haura kilo goma ko da an cire lam, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, da sarƙar. Abin da na iya karantawa kawai shi ne wasu lambobi da aka zuba a jikin ƙarfen, dukkansu sun fara da 1106. Wane iri ne, kuma ya cancanci in kashe masa kuɗi?

Malam Hamisu, Yamai:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta wa kawu. Lambar da ka karanta ta yi rabin aikin, domin kamfanin Stihl na Jamus yana fara lambar yawancin kayan gyara da lambobi huɗu masu nuna dangin injin. 1106 dangin Contra ne da 070 da 090, kamar yadda 1119 yake na 038, 1122 kuma na 064 da 066. Contra shi ne kakansu, ya fito a 1959, sauran biyun suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1960. Abin da zai raba maka su shi ne faɗin silinda: na Contra da 070 milimita 58 ne, wato girman cikinta cc 106, na 090 kuwa milimita 66, wato cc 137. Ba sai ka kwance injin ba. Ka cire salansa, ka juya har piston ya sauka, ka zura ɗanyen tsinke ta ƙofar hayaƙi har ya taɓa bangon da ke can ɓangaren, sannan ka juya a hankali piston ya hau ya danne shi ya bar masa shaida. Daga bakin tsinken zuwa shaidar, shi ne faɗin da kake nema. Ka kuma duba launi a wurin da rana ba ta taɓa ba, domin injinan gidan na da ja ne da ruwan toka, ruwan lemon da muka sani daga baya ya zo.

Alhaji Mahamadu, Ƙonni:
Idan ya tabbata 070 ne ka yi sa'a, domin babu injin da kayansa suka fi yawa a hannun masu tsaga katako, daga nan har kudancin Najeriya.

Abdu, Madawa:
Ƙanena Isufu, kafin a kai ga sunan injin, ina roƙonka da girman Allah kada ka zuba masa mai ka ja igiya, ko da kuwa hannunka yana ƙaiƙayi. Ni na yi wannan kuskuren kuma har yau ina jin zafinsa. Shekaru uku da suka wuce na sayi irin wannan inji a hannun wani dillali da ya rantse mini okaziyo ne, wato na hannu, daga Turai, bai daɗe a ajiye ba. Na kawo shi gida na haɗa mai na zuba, a ja na shida ya tashi da wata irin ƙara mai daɗi, har maƙwabta suka leƙo suna yi mini barka. Na lura yana gudu da kansa ko ban taɓa totur ba, sarƙa tana juyawa, amma sai na ɗauka ƙarfi ne ya yi masa yawa. Ban yi minti goma a kan kututturen farko ba ya tsaya cak, igiya ta ƙi jawuwa.

Da muka buɗe shi, gefen piston da ke kallon salansa ya karce kamar an bi shi da zarto, sagaman, wato zoben piston, ya manne a cikin raminsa, alminiyo ya narke ya shafe bangon silinda. Makanikin da ya duba ya nuna mini dalili da yatsansa: robobin nan biyu da ke toshe gefen sandar inji sun bushe sun tsage saboda daɗewa da zafin ƙasarmu. Ta nan iska take shiga ta ɓarauniyar hanya, mai ya yi kaɗan, kuma a injin da ake haɗa wa mai da fetur, man da ke cikin fetur ɗin shi kaɗai ne ke shafa piston. Gudun da na ɗauka lafiya ce, ashe kukan neman taimako ne. Robobin ba su kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, amma rashin canza su ya ja mini sayen silinda da piston.

Saboda haka idan ka cire salansar don awon da Malam Hamisu ya faɗa, ka haska fitila ka dubi jikin piston da kyau. Idan sumul yake, sagaman kuma yana motsi idan ka taɓa shi da tsinke, injinka yana da rai. Ka kuma duba cikin salansar da bakin karbiratar, domin a nawa mun tarar da gidan zanzaro guda biyu, kuma ƙasar nan idan ta faɗa silinda ta fi yashi ɓarna. Ka wanke tanki, tsohon fetur yana daskarewa ya koma kamar ƙaro. Ka canza tiyon mai da matacinsa, ka canza fatun karbiratar, waɗanda za ka tarar sun bushe kamar kilishi. Yawancin waɗannan injinan karbiratar Tillotson ke kansu, lambarta tana jikinta, da ita za ka nemi fatun. Sai an gama duk wannan ake maganar jan igiya.

Isufu Kafinta, Tawa:
Yaya Abdu, Allah ya saka da alheri. Gaskiya jiya da yamma har na aiki yaro sayen fetur, Allah ne ya sa aka kira ni wani aiki.

Garba, Yamai:
Ni dai ban ga dalilin wannan wahala ba. Ana kawo sabbin injina daga Sin masu kamar 070 sak, kuma kuɗin da za a kashe wajen tayar da gawar da ta kwana shekara goma sha biyar zai iya sayen ɗaya a kwali.

Malam Hamisu, Yamai:
Malam Garba, kamanni ba ta zama asali. Na buɗe irin waɗannan da yawa, wasu suna aiki ba laifi, wasu kuma rufin da ke cikin silindarsu yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Amfanin da na yarda suna da shi shi ne sun sa kayan gyara sun wadata. Murfi, igiya, matacin iska da tanki na kwaikwayo duk za su yi, amma idan silindar asali tana da lafiya kada Isufu ya bari wani ya rarrashe shi ya musanya ta da sabuwa mai ƙyalli. Ko alminiyo ya shafe ta, sau da yawa ana iya goge shi a hankali ta dawo.

Garba, Yamai:
To, Malam, ku da kuka ga jiya kun fi mu sani, amma mai iyali yana duba aljihunsa.

Sani Mai Walda, Tawa:
Ina da jan hankali ɗaya ta fannin sana'ata. Gangar jikin waɗannan injinan ba alminiyo ba ce irin ta tukwanen da ake zubawa a kasuwar Katako ta Yamai, maganiziyom ce. Idan ka ga tsaga kada ka kai wa kowane mai walda, domin ba ta karɓar sandar alminiyo, kuma garinta idan ya kama wuta yana ci da farin haske, ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Idan kana shakka ka kankare wuri kaɗan ka ɗiga ruwan khal, maganiziyom tana kumfa nan take, alminiyo ba ya yi. Tunda ka ce a ƙasa ya zauna, ka kifa shi ka dubi gindinsa, damshi yana cin wannan ƙarfe ya mayar da shi farin gari, wani lokaci har ya huda tankin mai.

Alhaji Mahamadu, Ƙonni:
Idan ya tashi, ka haɗa masa mai kashi ɗaya cikin 25, wato mililita 200 a lita biyar ta fetur. Haka muka gada, haka kuma muke yi.

Malam Hamisu, Yamai:
Alhaji, wannan awon na man da ne. Da man haɗi mai kyau na yanzu kashi ɗaya cikin 50 ya isa, wato mililita 100 a lita biyar. Yawan mai yana toshe salansa da baƙin toka, yana kuma jiƙa buji.

Alhaji Mahamadu, Ƙonni:
Malam, a Yamai kuna iya shiga kanti ku ɗauko man asali a rufe. Mu a nan abin da ke cikin galan ba kullum yake daidai da abin da aka rubuta a bayansa ba, fetur kuma sau da yawa na kwalba ne na bakin hanya. Na gwammace in wanke fulogi, ko buji kamar yadda kuke faɗa, sau biyu a mako, da in sayi piston sau ɗaya a shekara. Ai tsofaffin littattafan kamfanin da kansu sun ce idan ba mansu ba ne a yi ɗaya cikin 25.

Malam Hamisu, Yamai:
A wannan kam ban musa maka ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne baƙin man da aka juye daga mota da na ga yaranka suna zubawa a tankin sarƙa. Cike yake da garin ƙarfe, yana cinye famfon mai da ramin lam.

Alhaji Mahamadu, Ƙonni:
Zama da Zabarmawa ya koya maka tsada, Malam, mu Gobirawa ba ma zubar da abin da ke da sauran amfani. Amma zan yi wa yaran magana.

Rabi'u, Dosso:
Ku yi mini afuwa in shigo da tawa tambayar. Ina da wani mai ruwan lemo baki ɗaya, an rubuta 61 a murfinsa, akwai ɗan faranti mai lambobi kusa da tankin man sarƙa. Kayan 070 za su shige shi?

Malam Hamisu, Yamai:
Ba za su shiga ba ko kaɗan. Naka Husqvarna 61 ne na ƙasar Suwidin, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, kuma ƴan uwansa su ne 266 da 268 da 272, a cikinsu za ka nemi kaya. A tsofaffin farantansu lambar farko tana nuna ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, biyun da ke bi mata kuma mako ne. Sarƙarsa ma daban ce, yawanci mai awon gaɓa 3/8 na inci ce, mai son magagarin milimita 5.2 zuwa 5.5, alhali 070 ya saba da .404 wadda ake wasawa da na 5.5.

Baba Ilya, Keita:
Ƴaƴana, na karanta duk abin da kuka rubuta, ban ga wanda ya ambaci abu biyu ba. Na farko, tsofaffin injinan wannan dangi ba su da birkin sarƙa. Idan hancin lam ya taɓa reshe, injin yana tasowa sama zuwa fuskar mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido, kuma na ga wanda aka ɗinke wa kafaɗa a kan haka tun zamanin da ake aikin farfaɗo da ƙasa a nan Keita. Inji ne na kwantar da gungume a ƙasa a tsaga, ba na hawa bishiya ba. Na biyu, Isufu, kafin ka kai shi daji ka je wurin ma'aikatan gandun daji ka nemi takarda. Dokar daji ta 2004 tana nan da ƙarfinta, itatuwa irin su gawo da giginya ba a sare su sai da izini, kuma ƙarar wannan inji ba ta ɓoyuwa, daga ƙauye guda ana jin ta.

Isufu Kafinta, Tawa:
Na ji, Baba, kuma ba ni da niyyar kusantar gawo. Tsofaffin gungumen dogon yaro da turare da mutane ke sarewa a gidajensu nake son tsagawa.

Abdu, Madawa:
Idan tsagawa za ka yi a tsaye da jijiyar itace, ka sa a wasa haƙoran a kusurwar digiri 10 maimakon 30 na yankan gicciye, katakon zai fi fita sumul. Na manta ban yi maganar wuta ba. Injinan farko-farko suna da bis platine, wato ƴan ƙarafan da ke haɗuwa su rabu don ba buji wuta, a bayan fankar inji, kuma bayan daɗewa irin wannan bakinsu yakan yi tsatsa, sai mutum ya ɗauka bobin, wato kwayil mai samar da wuta, ce ta mutu ya je ya saya a banza. Ka goge su da takarda mai laushi, ka bar tazarar milimita 0.4 ko ƙasa da haka kaɗan, bakin buji kuma 0.5.

Isufu Kafinta, Tawa:
Jama'a, ga abin da na samu yau da safe. Na cire salansa na tarar da gidan zanzaro kamar yadda Yaya Abdu ya faɗa, amma bai faɗa ciki ba. Tsinke ya nuna milimita 58, saboda haka ba 090 ba ne. Piston yana da layi biyu sirara waɗanda farce ba ya kamawa, sagaman na sama yana motsi, na ƙasa ya ɗan manne. Gindin ya ci kaɗan a wuri ɗaya amma bai huje ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da na kankare dattin da ke ƙarƙashin mariƙi, fentin da ya fito ja ne, ba ruwan lemo ba. Idan ya zama Contra ne, piston da robobin 070 da Alhaji ya ce suna da yawa za su zauna masa daidai, ko sai an nemo nasa na musamman?

Rabi'u, Dosso:
Malam Hamisu, na duba farantin nawa, ya fara da 8 sannan 23. Shekarar 1978 ke nan ko 1988?